Giginyar Cindo

A Auyo, bayan rumbunmu,
ka binne ƙwallon giginya
shekarar da aka zo ɗibar soja.
Ni na riƙe maka buta.
Ka ce, "Yalwa, kada kwaɗayin muruci ya sa ki tone,
zan dawo in ƙirga ganyenta."

Ko gemu ba ka tsira ba.
Bature ya ƙirga yatsunka, shida,
ya sake ƙirgawa, ya yi dariya,
ka dangwala.

Kai da iyakar ruwanka kogin Haɗeja,
sai ga ka bisa teku,
sai Bama, inda aka ce damina ba ta ɗaukewa.

Bargo ɗaya ya dawo, da lamba.
Inna ta shinshina bargon, ba warinka.
Aka daka gumba, aka raba,
babu kabarin da za a nuna.

Yanzu haƙorana sun zube.
Giginya ta zarce masallaci,
jikokina na rububin 'ya'yanta.
Da la'asar inuwarta kan tsallake danga
ta kwanta a gonar wasu.
Halinku ɗaya: na nesa ka sha inuwarku.

Ban tone ba, Cindo.
Har shekarar yunwa ban tone ba.