Layar Zana a Garwa

Silimar bayan kasuwa ba ta da rufi.
Sefa hamsin benci, ashirin ƙasa.
Daren nan majigi ya kawo Bature mai layar zana:
hula na yawo ba kai,
sigari na hayaƙi a bakin da babu,
kujera ta janye kanta,
ɗan sanda ya zauna kan iska
ya ƙare ƙafa a sama.

Ba ma jin Turancinsu.
Njidda mai majigi ke fassara ta tagarsa,
yana ƙara gishiri:
"Ya ce, bashin nan sai ranar da kin gan ni!"
Dariya har dafaffen ƙwaina ya suɓuce,
sauron Binuwai na cin rabonsa.

Yau wurin siton siminti ne.
Jiya na hangi Njidda bakin gada,
riga wankakkiya, yana ɗaga wa 'yan babur hannu.
Tara suka wuce.
Ba boka, ba kwalbar Bature,
tsufa ya ɗinka masa layar kyauta.

Na tsallaka, na kira sunansa.
Sai da ya waiga baya tukuna,
ya ga ko da wani ake.