Karen Da Bai San Ɗan Wane Ba

Ni ke wanke kofuna a gidan Nevzat Bey,
can bakin ruwan Bebek, inda jirage ke wucewa kamar masu sanɗa.
Daren nan kofi ɗari biyu da sha ɗaya na ƙirga.
Farar hodar da ke kan tebur
ba ta cikin aikina.

Uku saura, kiɗa ya ɗauke.
Takalman 'yan sanda a kan tayil ɗin da na goge da la'asar.
Matar da ko sannu ba ta taɓa ce mini ba
ta damƙe hannuna:
"Gülizar, 'yar'uwa, riƙe mini jakar nan."
Ashe ta san sunana.

Na ce hannuna da sabulu.

Karensu ya wuce ni, ya wuce tukwane,
ya je ya zauna gaban ɗan mai gida
yana kaɗa wutsiya.

Da asuba lauyoyi suka iso.
Kafin rana ta take kowa yana kan gadonsa,
ban da Tayfun direba,
wai jakar tasa ce.

Saura kofi arba'in.
Ruwan ya huce.