Ta Kafar Makulli

Yaya Tabawa na da tabo
daga cibiya har mara,
miƙaƙƙe kamar hanyar Garwa zuwa Marwa.
Wata uku ta yi tana tafiya a duƙe
kamar mai neman allura a tsakar gida.
Shi na tuna
ranar da Dokta Dawai ya aje biro ya ce: sai an cire.

Shekara biyu jini na bin sawuna
kamar mai bina bashi.
Na bar kwandon bandar kifin Lagdo
a hannun Ramlatu, wadda ba ta iya cewa albarka ba,
na koma wankin tsumma da asuba,
ina shanya a inda ido ba ya kaiwa,
har na kasa bambance
jinin da ke ɗage sallah da wanda ba ya ɗagewa.

Ya zana ƙarin a bayan takarda,
uku ne, babban ya kai ɗanyen mangwaro.
Ya ce ba za a tsaga ni ba.
Kafa huɗu, kowace ba ta kai faɗin farce ba,
ta cibiya fitila za ta shiga da idonta,
sauran na hannuwan ƙarfe ne, sirara kamar tsinken tsire.
Na ce, Likita,
ɗakin da ya kwanar da mutum bakwai,
ta taga za ka kwashe shi?
Ya yi dariya, ya ce, Inna, taga ma ta yi girma.
Ta kafar makulli.

An ce sun hura ni kamar salka,
an ce sun kalli cikina a allon bango
suna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci.
Ban gani ba. Ina ƙirga fitilun rufi,
a ta huɗu na ɓace.
Da na dawo, kafaɗa ce ke ciwo, ba ciki ba,
kamar na yini ɗauke da tulu daga Binuwai.
Washegari na taka da ƙafata har bakin famfo.

Mata sun cika ɗaki da sannu da kwanon kunu.
Yaya Tabawa ta ɗage mini zane,
ta duba, ta sake dubawa:
Wannan ai cizon sauro ne!
Sefa dubu nawa kika biya a kan wannan?
Muka yi dariya har na dafe filasta.

Abu ɗaya na roƙa ban samu ba.
A gindin lemon bayan ɗakina
mabiyiya bakwai ke kwance,
biyu daga cikinsu masu su ma suna ƙasa.
Na ce a ba ni uwarsu in kai ta cikin 'ya'yanta,
akwai sauran wuri ta wajen gabas.
Suka ce tana cikin kwalba, da sunana a jiki,
za ta Yawunde a duba ta.

Yawunde!
Ni da ban taɓa wuce Gaundare ba.
Ita da ba ta taɓa ganin rana ba
ga ta a jirgin ƙasa, tana ratsa daji,
ko sallama ba mu yi ba.

Bayan sati biyar takarda ta zo.
Ramlatu ta karanta tana bin layi da yatsa:
babu mugun abu.
Na yi alwala, na tsaya, ban waiwayi tabarma ba.

Da yamma na ɗebi ruwa a buta
na zuba a wurin nan na gabas.
Ƙasar ta shanye, ba ta tambaye ni komai ba.
Gobe Laraba, motar Lagdo na iso da hantsi,
kuma yarinyar nan ta karya mini farashi.