Sunanka da Ranar Haihuwarka

Shida ba ta cika ba, Sheffield na barci cikin yayyafi,
na sauko daga bas da jiƙaƙƙen takalmi,
na naɗe hannun riga har gwiwar hannu.
Ba zobe, ba agogo, ba awarwaro.
Aikin nan ba ya son ado, sabulu yake so.

Keken kayana yana da ƙafa guda mai kuka,
marasa lafiya kan ji shi kafin su gan ni.
"Ga sauron safiya nan," in ji mai gado na huɗu,
Walter Hebblethwaite, da ya shekara talatin yana narka ƙarfe,
amma da ya hango allura sai ya koma ƙirga fitilun rufi.

"Sunanka? Ranar haihuwarka?"
Jiya na tambaya, shekaranjiya ma haka.
"Yarinya, har yau ba ki haddace ba?"
Na haddace, baba, sai dai hadda ba shaida ba ce.
Sai bakinka ya faɗa,
robar wuyan hannunka ta amsa,
takardar hannuna ta cike ta uku.

Na ɗaure damtse. A nan yatsa ke gani, ido ɗan rakiya ne.
Wata jijiyar a miƙe take kamar igiyar guga,
wata tarwaɗa ce, ka taɓa ta zille,
wata magani ya ƙona ta, ta shige ciki ta yi fushi.
Kwalabe ma da sahunsu:
mai shuɗin murfi ce liman, mai ruwan gwal ta bi, sannan shunayya.

Sau biyu aka yarje mini in gwada.
Hannun Bogumila ya ƙi ni sau biyu ranar Litinin,
zuciya na raɗa mini, ƙara ɗaya mana, wa zai sani?
Na cire safar hannu, na kira Shanthi.
Fatar ba tawa ba ce da zan biya girman kaina da ita.

Akwai wata Talata da ba na mantawa.
Ƙararrawa ta ɗauka a gadon ƙarshe, kowa ya ruga, har da ni,
na dawo da kwalba a tafin hannu, da ɗuminta, ba suna a jikinta.
Na san ta Walter ce. Wallahi na sani.
Babu wanda ya gani.
Amma jini ba ya magana, abin da aka rubuta masa shi ne sunansa,
kuma kuskuren alƙalami a nan, wani ke kwana da shi.
Na jefa ta a kwandon ƙonawa,
na rubuta laifina da hannuna,
na koma na tsaya gabansa: "Baba, ni na yi sake. Zan sake ɗiba."
Ya miƙo hannu yana kallon rufi:
"Ɗebi, rijiyar ba ta ƙafe ba."

Na taɓa jan labule na tarar da Hajiya Tasalla,
wadda muke haɗuwa gidan suna a Burngreave.
Ran Asabar na gaishe ta kamar mun shekara rabonmu da juna.
Abin da labule ya rufe, bakina ba ya yaye shi.

Inna na faɗa wa maƙwabta a Funtuwa wai 'yarta likita ce.
Na ce a'a, Inna, ɗan aike ce ni:
jiki ya ba ni saƙo, in kai ɗakin gwaji bai zube ba,
ban kuma san amsar da za a bayar ba.

Yau gado na huɗu an sauya zanin.
Gida ya tafi, ko wani wurin? Ban tambaya a gaban mutane ba.
Wani sabo ne kwance, yana ɓoye hannu cikin bargo.
Na wanke hannu. Na rage murya.
"Ina kwana. Lantana nake. Sunanka?"