Ƙugiya

Ƙarfe biyun dare wuta ta dawo,
na tashi kamar an kira sunana.
Bayan katanga Barira ma idonta biyu,
ita famfo take jira, ni rezo.
A Damagaram duk abin da ke zuwa ta bututu ko ta waya
da dare yake zuwa, kuma ba ya sallama.

Shagona na Zango taki huɗu ne da taki uku,
tsakanin mai gyaran kabu-kabu da mai shayi.
Nan Alhaji Mato na ƙungiyar dukawa
ya same ni jiya bayan la'asar.
Ya ce, "Shafin nan ya cika shiru.
A sa sunana ya riƙa walƙiya,
a ƙara ja, a ƙara kore,
wanda ya buɗe, algaita ta tarye shi.
Jikka tamanin muka yi da ke,
ban ga jikka tamanin a jikinsa ba."
Na ce, "Alhaji, alaben da ke hannunka, ina ɗinkinsa?"
Ya ce, "Yana ciki, ai ba a gani."
Na yi shiru. Shi ma ya yi,
amma bai fasa walƙiyar ba.

Ubana magini ne a Birni.
Da ɗan yatsa yake zayyana fuskar soro kafin laka ta sha iska,
amma sai ya kwana uku yana zaɓen azara.
Yakan ce ado na masu wucewa ne,
azara ta masu kwana.

Masu kwana nake tunawa in na zauna.
Wata mata a Tanut mai wayar da gilashinta ya tsage,
ta sa kiredin dala ashirin don ta ga jaka ɗaya.
Dominta nake fiɗe hoto, in yi ta fiɗewa
har ya yi sirantar kilishi.
Da Tsahiru, ɗan ƙanen uwata,
wanda ƙyanda ta tafi da idonsa tun yana goye.
Wayarsa ce ke karanta masa duniya.
Ran da na ba shi shafin ya gwada
sai ta yi ta cewa: hoto, hoto, hoto.
Ya ce, "Yaya, gidan naki duk ƙofofi ne, ba ɗaki."
Na koma na rubuta bayan kowanne:
jakar fatar akuya, ja, mai tuntu shida.
Ba mai ido da zai taɓa ganin wannan rubutu.
Tsahiru ya saurara, ya ce, "Tuntu shida? An yi ɓarna."

Abin da ya hana ni barci yau ƙanƙane ne.
A goshin shafi na sa: Maraba da baƙi.
A wayar Alhaji baƙin tsakiya ya ɓace,
wani ɗan akwati fanko ya zauna gurbinsa.
Ya ce, "Cire ƙugiyar, kowa zai gane."
Maraba da baki ke nan.
Baki kam muna da shi a garin nan, ba sai an yi masa maraba ba.

Can wani wuri da ban sani ba,
wasu da ba su taɓa shan furar Kasuwar Dole ba
sun jera baƙaƙen duniya, sun ba kowanne lamba,
ba su manta da namu mai ƙugiya ba.
Su sun ajiye masa tabarma,
ni ce zan kore shi a gidansu?

Uku saura kwata na samo rubutun da ya san shi.
Na duba a babbar waya, na duba a ƙarama,
na duba a tsohuwar da nake ɗaurewa da roba.
Ga ta nan, ta sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa.

Bayan katanga famfo ya yi tari,
ruwa ya fara dukan gindin bokiti.
Barira ta ce, "Naki ya zo?"
Na ce ya zo.
Saura jikka talatin da Alhaji bai cika ba.