Ƙarar Ƙarfe

A Gardone, ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa,
na kai wa Ottavio bindigar babana
mai baki biyu, in musanya da sabuwa.

Bai tambayi shekarunta ba.
Ya zare bakunan, ya rataye su da zare,
ya ƙwanƙwasa da farce.
Ƙarar ta tashi kamar ƙararrawar cocin ƙauyenmu,
ta daɗe ba ta mutu ba.
"Wanda ya yi wannan," in ji shi,
"ya ci wata uku a kan magagari."

Sai ya sauko da sabuwar.
Inji ne ya yanke ta, yini ɗaya,
tana rufewa ruf, ko gashi ba ya ratsawa.
Ya ƙwanƙwasa. Ita ma ta amsa.
Ban so ta amsa ba.

Ya zura ma'auni cikin tsohuwar,
ya yi shiru, ya sake zurawa.
"Bakin hagu ya cinye, saura ɓawon albasa.
Harsashin yanzu zai tsaga ta,
da yatsunka za ta tafi."

Na ɗora sabuwar a kafaɗa.
Ba laifi, sai sanyi a kunci.
Itacen tsohuwar yana da ɗan kwarmi
inda kuncin babana ya kwanta
damina arba'in yana dakon makwarwa.

Na biya kuɗin sabuwa.
Tsohuwar na naɗe ta a bargo.
Ina bakin ƙofa ya kira ni:
"Fulvio, dawo in cire mata kunama.
Na san halinka."