Gurbi Biyu

Ofishina yana bayan ɗakin awo,
inda fanka ke juyawa ranar da wuta ta ga dama.
Ba na taɓa majiyyaci, takarda nake taɓawa.
Likita Habsu ta yi rubutunta mai kama da sawun kaza,
ni in mai da maganar lamba,
lamba ta hau rahoton wata, rahoto ya kama hanyar Yamai.

Bana aka ƙaro mana shafi.
Duk wanda ya haye sittin da biyar
a zauna da shi tun yana da bakinsa,
a ji abin da yake so in ciwo ya ci ƙarfinsa,
a ji wa zai yi magana ranar da harshe ya yi nauyi.
Gurbi biyu aka ba ni:
an tattauna, ya naɗa wakili;
an tattauna, bai yarda ba.

Ran Litinin karnen Naino Gonda ya iso gabana.
Tsohon ma'auni ne daga Ɗan Gulbi,
saba'in da takwas bisa ƙiyasi,
an ce shekarar da fara ta cinye gero aka haife shi.
Likita ta cika shafi har ta gangara gefe:

"Kada a sa mini roba ga hanci.
In kun ga ido ya kahe ku maishe ni gida,
ƙarƙashin bedin da na dasa,
in ji ladaninmu, mai tarin nan kafin ya ɗaga murya.
Ɗana na Kwatano, kada a kira shi da dare,
gaggawa gare shi, hanya kuwa ba ta da kyau.
Tiyata a ba Ɗan Jimo."

Na buɗe kundi ina neman lambar tiyata,
na kai shafi na tara kafin in gane:
tiyarsa ta awon gyaɗa yake nufi,
jaka uku ake bin sa tun bara.
Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ji kunya.

Wakili fa?
"Cima."
Majo ya raɗa wa likita, Cima ta yi shekara huɗu a ƙasa.
Kunnen tsoho bai mutu ba.
"Na sani, da hannuna na sa mata itace.
Amma ita ta san abin da nike so."

To, a wane gurbi zan ajiye wannan?
In ce bai yarda ba, na yi masa ƙarya.
In ce ya naɗa, wa za a kira?
Shugaban sashe na leƙowa, kashi nawa cikin ɗari muka kai,
Juma'a ce ranar rufewa.
Bironi ya kwana biyu a bayan kunnena.

Ran Laraba na bi likita ɗakin maza,
shekara goma sha ɗaya ban taɓa wuce ƙofar ba.
Ga shi nan, ƙarami, ƙafafu kamar kara.
Baraka, ɗiyarsa, tana fifita masa kunu da ludayi.
Likita ta sake tambaya, a hankali.
Ya dubi ɗiyar, ya daɗe.
"Wannan ta sha laɓewa tana jin hirarmu.
Ku rubuta ta, amma ku sa Cima a sama."
Baraka ba ta daina fifita ba.

Na sa lambar a gurbi na farko.
Ta tafi Yamai ba bedi, ba tarin ladan,
ba jaka ukun Ɗan Jimo.
Sunan Cima na bar shi a karne, da fensir.

Da magariba na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a Bagalam.
Na zauna, na ɗebi tafi guda.
Na ce, Inna, shekarunki nawa ne ma?
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, Rabe, wadda ka ci ta iri ce,
ka jawo tabarma, ka bari in gama wannan.